Kwafin Sama-Sama da Rumbu Cikin Rumbu: Tsimi da Amana Wajen Adana Aikin Kwamfuta

Gabatarwa



Wannan lacca ta shafi wata mas'ala ce daga cikin mas'alolin masu rubuta manhajar kwamfuta, wadda a ido ake ganinta ƙarama, amma kuwa tana iya sauya lissafin da hukuma za ta dogara da shi wajen yanke shawara. Mas'alar ita ce, idan mutum ya je ɗauko aikin da aka daɗe ana yi, mai dogon tarihi, kuma a cikinsa akwai waɗansu ayyukan da aka jingina masa, shin zai ɗauko shi ne duka da tarihinsa, ko kuwa zai yagi na sama kawai ya tafi? In ya yagi na sama, me ya samu, me kuma ya bari a baya?

Ba don sha'awa kaɗai aka zaɓi wannan batu ba. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san tsadar data, ya kuma san yadda intanet kan yanke ana tsakiyar aiki. A watan Satumba na 2021 ma an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, ƙananan hukumomi da dama suka yi fiye da wata biyu ba waya ba intanet. Mutumin da ke cikin wannan hali dole ne ya yi tsimi. Abin da za a yi ƙoƙarin bayyanawa a nan shi ne inda tsimin ya halatta, da kuma inda yakan koma asara.

Asalin Git da yadda take ajiya

Manhaja rubutu ce, jerin umarni ne da mutane ke rubuta wa kwamfuta, suna gyarawa kullum, wani lokaci mutum ɗari ko dubu a kan aiki guda. Saboda haka sai aka bukaci wani tsari da zai riƙa lura da kowane gyara, wanda ya yi shi, ranar da ya yi shi, da dalilinsa. Tsarin da ya fi kowane yaɗuwa a duniya yau shi ne wanda ake kira Git. Linus Torvalds, mutumin Finlan wanda ya ƙago Linux, shi ya rubuta shi a watan Afrilu na 2005, bayan da masu manhajar BitKeeper suka janye izinin da suka ba masu aikin Linux na amfani da ita kyauta. A watan Yuli na wannan shekara ya damƙa ragamar aikin ga Junio Hamano, ɗan ƙasar Japan.

Wurin da Git ke tara aiki da tarihinsa, a wannan lacca za a kira shi rumbu. Kowane gyara da aka kammala aka shigar cikin rumbun kuwa za a kira shi zubi. Kowane zubi yana da lambar shaidarsa, mai alamomi 40, haɗin alƙaluma da haruffa. Ba mutum ke raɗa wannan lamba ba. Kwamfuta ce ke lissafo ta daga abin da zubin ya ƙunsa, da sunan mai shi, da lokacinsa, da kuma lambar zubin da ya gabace shi. Ma'anar wannan ita ce, in aka taɓa ko da harafi ɗaya a wani tsohon zubi, to lambarsa za ta sauya, haka ma lambobin duk waɗanda suka biyo bayansa. Watau kowane zubi yana riƙe da hannun na gabansa, har a kai ga na farko.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga ƙasar da ta san isnadi. Malaman wannan yanki sun daɗe suna tambayar mai karatu, daga wa ka ɗauka, shi kuma daga wa? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, ya rubuta littafi a kan silsilar malamansa, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Manufar ita ce a san hanyar da ilmi ya biyo, domin in an sami kuskure a san inda ya shigo. Git ma abin da take nema ke nan.

Wani abin lura kuma shi ne, a ƙa'idar Git ta asali, duk wanda ya kwafi rumbu yakan kwashe shi ne gaba ɗaya, tun daga zubin farko har na ƙarshe. Saboda haka kowane mai kwafi ya zama ma'aji. Ko da babbar kwamfutar da aka kwafo daga gare ta ta ƙone, aikin bai salwanta ba muddin akwai cikakken kwafi ɗaya a hannun wani.

Kwafin sama-sama

Wannan ƙa'ida tana da kyau, amma tana da nauyi. Rumbun Linux ya haura zubi miliyan ɗaya tun a 2021, cikakken kwafinsa kuwa yakan ci gigabait da dama. Bugu da ƙari, in intanet ta yanke ana tsakiyar kwafi, Git ba ta ci gaba daga inda ta tsaya, sai dai a sake daga farko. Mai zaune a inda layi ke zuwa yana ɗaukewa zai iya ƙone datar mako guda bai sami komai ba.

Domin sauƙaƙa wannan ne aka shigo da abin da za a kira kwafin sama-sama, tun a fitowar Git ta 1.5.0 a farkon 2007. Mai kwafi yakan ƙara kalmar --depth a cikin umarninsa, ya faɗi zurfin da yake so. In ya ce 1, sai a ba shi zubin ƙarshe kaɗai, in ya ce 50, a ba shi hamsin na baya-bayan nan. Da wannan dabara, rumbun Linux kan sauko zuwa ɗaruruwan megabait kaɗan. Git takan rubuta lambar zubin da aka yanke a kansa cikin wani ɗan fayil, daga nan ta riƙa ɗaukarsa tamkar ba shi da magabaci.

Ya kamata a fahimci cewa kwafin sama-sama ba jabu ba ne. Duk abin da ke cikinsa daidai yake da na asali, harafi da harafi, kuma lambar shaida za ta tabbatar da haka. Aibinsa shi ne ba ya iya amsa tambaya game da jiya. Git tana da wani umarni mai nuna wanda ya rubuta kowane layi da ranar da ya rubuta, amma a kwafi mai zurfin 1 sai ya ɗora dukan layukan a kan mutumin da ya yi zubin ƙarshe, ko da kuwa waƙafi ɗaya ya gyara. Akwai kuma wani umarnin da ke farauto zubin da ya shigo da kuskure, ta hanyar raba tarihi biyu, a gwada, a sake rabawa, har a cafko shi. Cikin zubi dubu, gwaji goma ya isa. Amma inda babu tarihi, babu abin rabawa. Sa'an nan kuma, wanda ya nemi kwafin sama-sama, reshe ɗaya kaɗai ake ba shi daga cikin rassan aikin, sai fa in ya faɗi cewa yana son sauran.

Rumbu cikin rumbu

Da wuya a sami babbar manhajar da mutanenta suka rubuta komai da kansu. Akan aro sashen zana taswira daga waɗansu, sashen lissafi daga waɗansu, sashen tsare sirri daga waɗansu. Kowane sashe yana da masu shi, da rumbunsa, da tarihinsa. A fitowar Git ta 1.5.3, cikin 2007, aka samar da hanyar jingina wani rumbu a cikin wani, wadda Turawa ke kira submodule. A nan za a kira babban uwar rumbu, waɗanda aka jingina mata kuma 'ya'yan rumbu. Tarin manhajar Boost, alal misali, yana da 'ya'ya fiye da ɗari a ƙarƙashin uwa ɗaya, haka kuma Qt da QEMU suna bin wannan hanya. Ɗan rumbu shi ma yana iya samun nasa 'ya'yan, a sami jikoki ke nan.

Jigon maganar duka yana nan: uwar rumbu ba ta ɗauke da abin da ke cikin ɗanta. Abu biyu kawai take riƙewa. Na farko, adireshin inda za a same shi, wanda ake rubutawa cikin fayil mai suna .gitmodules. Na biyu, lambar shaidar zubi guda tak, watau zubin da aka gwada aka tabbatar ya dace da ita. Uwa ba ta cewa a kawo mata sabon abin da ɗanta ke da shi. Cewa take yi a kawo mata wancan zubin, shi da kansa.

Wanda ya yi karatun zaure ya san irin wannan. Mai hashiya a kan Risala ko Muhtasar ba ya kwafe matanin duka. Yakan kawo kalmomin farko na jumla, ya nuna cewa sauran na nan a inda aka sani, sa'an nan ya shiga bayaninsa. Mai karatu sai ya nemo matanin ya ajiye a gefe. In kuwa kwafin da ya samo ya saɓa da wanda mai hashiya ya yi aiki da shi, to bayani zai riƙa sauka a inda ba nan aka nufa ba. Ma'aikacin ofis shi ma ya san haka: takardar umarnin da ta ce a bi sakin layi kaza na dokokin kuɗi, tana nufin bugun da ake aiki da shi ranar da aka rubuta ta, ko da an sake bugu daga baya lambobin sun gusa.

Inda hanyoyin biyu suka yi karo

Yanzu sai a haɗa abubuwan nan biyu. Kwafin sama-sama yana ɗauko na ƙarshe. Uwar rumbu tana neman wanda ta ambata. Ba kullum ne na ƙarshe ke zama wanda aka ambata ba.

A ɗauka uwa ta ɗaure ɗanta a zubi na 40. Masu ɗan kuwa ba su tsaya ba, sun ci gaba da aikinsu har sun kai zubi na 55. Mai tsimi ya zo ya kwafi ɗan da zurfin 1, sai aka ba shi na 55 kaɗai. Da Git ta juya neman na 40 domin cika umarnin uwa, sai ta tarar babu shi, aiki ya tsaya. In ya ƙara zurfi zuwa 10, har yanzu bai kai ba. In ya sa 20 ya dace yau, amma bayan wata guda masu ɗan sun ƙara zubi goma, umarnin da ya yi aiki jiya ya daina, alhali shi bai taɓa komai ba. In kuma zubi na 40 a wani reshe dabam yake, to ko ya sa zurfin dubu ba zai same shi ba.

Masu kula da Git sun ɗauki shekaru suna warware wannan ƙulli. A fitowa ta 1.8.4, cikin 2013, aka ba da damar faɗin zurfi wajen ɗauko 'ya'yan rumbu. A 2015, fitowa ta 2.5 ta ba mai babbar kwamfutar ajiya ikon yarda a nemi zubi da lambarsa kai tsaye, ko da ba shi ne a kan reshe ba. A 2016, fitowa ta 2.8 ta koya wa Git cewa in ta rasa zubin da uwa ta ambata, ta koma ta roƙe shi da lambarsa. A wannan shekarar dai fitowa ta 2.9 ta kawo kalmar --shallow-submodules, mai sa a kwafi dukan 'ya'ya da zurfin 1, sa'an nan ta 2.10 ta ba mai uwar rumbu damar rubuta shawara cikin .gitmodules cewa ɗa kaza a ɗauke shi sama-sama. Manyan wuraren ajiya irin su GitHub suna amsa roƙon zubi da lambarsa, don haka mai sabuwar Git ba kasafai yake cin karo da wannan tangarɗa a can ba. Amma ma'aikata ko jami'ar da ta kafa tata kwamfutar ajiya da tsohuwar manhaja, sai ta duba ko an buɗe wannan ƙofa.

Duk da haka akwai tarko uku da suka rage. Na farko, faɗin zurfi ga uwa ba ya sauka kan 'ya'ya. An taɓa yin haka a fitowa ta 2.9.0, aka ga yana karya aikin mutane, aka janye a ta 2.9.1. Saboda haka mutum na iya kwafar uwa da zurfin 1 yana murna ya yi tsimi, ashe 'ya'ya ashirin na saukowa da dukan tarihinsu. Na biyu, tun da uwa adireshi da lamba kaɗai ta riƙe, in masu ɗan suka share rumbunsu, ko suka sake rubuta tarihinsa, to uwa ta zama mai nuni zuwa kango. Cikakken kwafin uwa ba ya ceton ɗan da ba a kwafa ba. Tarko na uku shi ne mafi haɗari, domin ba ya ƙara. Wanda aiki ya tsaya masa, ya gaji, yakan ce a ba shi sabon zubin ɗan kawai, ai sabo ya fi tsoho. Git tana da umarnin yin haka, kuma za ta yi. Saƙon kuskure zai ɓace, manhaja za ta tashi, amma ba manhajar da aka gwada ba ce. Wata ce dabam mai kama da ita.

Misali daga Sunke

Domin a ga nauyin wannan tarko na uku, sai a koma gida. A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake daka, ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa ta shiga cikin yara. Yara aƙalla 400 suka rasu. Daga Yuni na 2010 zuwa farkon 2011 aka yi aikin tsabtace ƙauyuka bakwai: Dareta, Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Duza da Sunke. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kai gare ta. An bi gida-gida ana auna ƙasa, ana kankare ta sama mai guba, ana binne ta a ramukan da aka tanada, ana zuba mai tsabta. Yaran da dalma ta yi yawa a jininsu kuma aka ba su maganin da ke fitar da ita.

Irin wannan aiki yakan bar tarin bayanai, kuma bayanan a jere suke, wani cikin wani: ƙauye, cikinsa gida, cikin gida yaro, ga yaro kuma awon jini na wata da watanni. Awon ƙarshe shi kaɗai ba ya gaya wa likita ko yaro sauƙi yake samu ko kuwa ya sake komawa cikin ƙura. Sai an jera shi da na baya.

To, a ƙaddara wani ofis ya rubuta manhajar da ke karanta irin wannan rajista ta fitar da rahoto, tana ƙirga yaran da awonsu ya haura iyaka. A ƙaddara kuma ita iyakar tana cikin wani ɗan rumbu da aka aro, wanda masu shi ke sabuntawa bisa ga abin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tsayar. Wannan hukuma ta daɗe tana amfani da maikurogiram 10 a kowane desilita na jini. A 2012 ta sauko da ma'aunin zuwa 5, a 2021 kuma zuwa 3.5. Rahoton da aka fitar a 2011 da 10 aka ƙirga shi, uwar rumbu kuwa ta ɗaure ɗanta a zubin da ke ɗauke da 10.

Bayan shekaru sai aka umarci wani sabon ma'aikaci ya sake fitar da wannan rahoto domin a kwatanta shi da na bana. Data ta yi masa ƙaranci, ya yi kwafin sama-sama, tsohon zubi ya ƙi samuwa, ya karɓi sabo. Manhaja ta ƙirga da 3.5. Daga rajista ɗaya, ba a ƙara yaro ko ɗaya ba, sai ga lissafi biyu masu saɓani, kuma babu wata alama a fuskar takarda da za ta nuna dalili. Wani zai ce an ɓoye gaskiya a 2011. Wani zai ce ma'aikacin ne ya yi aringizo. Da akwai cikakken tarihi, da minti biyar ya isa a ga ranar da aka sauya lambar, da wanda ya sauya, da hujjarsa. Da yake babu, sai zargi ya maye gurbin bincike. Sabon ma'auni ba kuskure ba ne, ilmi ne ya ƙaru. Kuskuren shi ne a sauya mudu a tsakiyar awo ba tare da an sani ba.

Wannan misali ƙaddarawa ce, amma irinsa na iya faruwa ga duk manhajar da ke lissafin albashi, ko fansho, ko haraji, ko makin jarrabawa, domin duk suna dogara da ƙa'idojin da ke sauyawa da shekaru.

Araha ba ta ado

Akwai kuma wani gefen da ba a cika dubawa ba. Kwafin sama-sama yana da sauƙi a ranar farko, amma in aka riƙa sabunta shi kullum, yakan ɗora wa babbar kwamfutar ajiya aikin lissafi mai yawa, domin sai ta yi ta auna abin da mai kwafi ke da shi da wanda ba shi da shi. A 2016 GitHub ta taƙaita hidimar da take yi wa rumbun CocoaPods saboda nauyin da irin wannan kwafi ya ɗora mata. A 2020 kuma masu Homebrew suka daina amfani da shi bisa roƙon GitHub. Watau tsimin wani ya zama wahalar wani.

Saboda haka aka ɓullo da wata hanya ta tsakiya, wadda za a iya kira kwafin rabi. A wannan hanya, akan ɗauko dukan silsilar zubi, da sunaye da ranaku da dalilai, waɗanda ba su da nauyi, a bar tsofaffin fayiloli a can sai ranar da aka bukace su. Tun daga fitowa ta 2.36, cikin 2022, ana iya shimfiɗa wannan tacewa har kan 'ya'yan rumbu. Isnadi ya cika ke nan, ko da littattafan ba su iso ba tukuna. Sai dai fa wannan hanya ta dogara da samun intanet a ranar bukata, abin da mutumin Zamfara ya ga ƙarshensa a 2021.

Shawarwari

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ƙa'idoji biyar.

Na ɗaya, wanda zai yi amfani da manhaja sau ɗaya, ya harhaɗa ta ya wuce, ko ɗalibin da ke son karanta ta kawai, to kwafin sama-sama ya ishe shi, kuma ya tuna ya faɗi haka ga 'ya'ya, kada ya tsaya ga uwa.

Na biyu, wanda zai yi gyara ko bincike, ya nemi cikakken kwafi, ko aƙalla kwafin rabi. In ya riga ya yi na sama-sama, ba sai ya sake daga farko ba. Git tana da umarnin ƙara zurfi kaɗan-kaɗan, wanda ya dace da mai raunin layi, da kuma umarnin cike ragowar tarihi gaba ɗaya.

Na uku, in zubin da uwa ta ambata ya ƙi samuwa, a zurfafa kwafin ɗan har a kai gare shi. Kada a musanya shi da sabo. In kuwa da gangan ake son sabon, to a gwada shi, a shigar da sauyin cikin uwar rumbu a matsayin zubi mai suna da rana da dalili.

Na huɗu, kowace ma'aikata ko jami'a ta ajiye cikakken kwafin uwa da na kowane ɗa da jika a kwamfutarta, ta riƙa sabunta shi. Git tana iya ƙunshe rumbu duka cikin fayil guda, a zuba shi a filashi, a ɗauka daga Gusau zuwa Anka cikin aljihu, a kwafa daga gare shi ba tare da intanet ba. Mutum ɗaya ya sauke, ashirin su amfana.

Na biyar, duk rahoton da manhaja ta fitar, a rubuta lambar shaidar zubin da aka yi aiki da shi a ƙarshensa, kamar yadda marubutan dā kan rufe littafi da sunan mai kwafi da ranar gamawa. Wanda kuma zai ba da kwangilar rubuta manhaja, ya sa a cikin yarjejeniya cewa za a miƙa rumbu da dukan tarihinsa da 'ya'yansa, domin manhajar da aka biya da kuɗin jama'a, tarihinta ma na jama'a ne.

Kammalawa

Mai binciken tarihin mulkin Anka ya san cewa takardun ba a wuri ɗaya suke ba. Na bayan 1996, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, a Gusau zai neme su. Na kafin nan sai ya nufi Sakkwato, na zamanin Turawa kuwa sai ya dangana da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Ba laifi ba ne ma'aikaci ya riƙe fayil ɗin da yake aiki da shi yau kaɗai a kan teburinsa, babu mai iya ɗaukar ɗakin ajiya a ka. Hakan yana yiwuwa ne domin an san akwai inda sauran suke, an kuma san lambar da za a nemo su da ita.

Haka al'amarin kwafin sama-sama yake. Halal ne ga mai bukata, muddin ya san cewa yanki ya ɗauka, ya karɓi ainihin zubin da aka ambata masa, kuma akwai wani wuri, kusa da shi, da aka ajiye asalin duka. Ɗaliban da ke wannan zaure su ne za su rubuta manhajojin da asibitoci da baitulmali da makarantun wannan jiha za su dogara da su, ma'aikatan da ke nan kuwa su ne za su karɓa su sa hannu. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kafin a sa hannu, a tambaya: ina 'ya'yan rumbun, a wane zubi aka ɗaure su, kuma a hannun wa cikakken tarihin yake?